Yadda Za a Tsare Na'urorin Asibiti Masu Haɗe da Intanet: Jagora ga Ƙananan Asibitocin Abuja

Duk asibitin kuɗin da ka shiga yau a Kubwa, Gwarimpa, Karu ko Lugbe, komai ƙanƙantarsa, da wuya ka rasa na'urar da ke haɗe da intanet. Injin sikanin masu juna biyu yana tura hoto zuwa teburin likita. Injin gwajin jini na lab yana da kwamfutarsa a gefe. Monitan da ke kan gadon majinyaci yana aika bugun zuciya da hawan jini zuwa teburin nas. Kowanne daga cikinsu kwamfuta ce mai manhaja a ciki, kuma duk abin da ke samun kwamfuta zai iya samunta.

Ɓarnar iri biyu ce. Ko dai na'urar ta tsaya ana tsakiyar buƙatarta, ko kuma sirrin majinyaci ya fita. A wurinmu ta biyun ba ƙaramar magana ba ce. Sakamakon gwajin ƙanjamau, ko na haihuwa, ko na sikila kafin ɗaurin aure, idan ya faɗa hannun da bai dace ba zai iya raba aure, ya zubar da mutuncin gida guda.

Sana'ata haɗa kwamfutoci da layukan sadarwa a irin waɗannan asibitoci, kuma abin da nake gani kullum shi ne ƙofofin da ake bari a buɗe ba su da wuyar rufewa. Yawancinsu ba sa cin kuɗi, lokaci da kulawa kawai suke so. Masu kutse ma sau da yawa ba asibitinka suka nufa ba. A ranar 12 ga Mayun 2017 manhajar neman kuɗin fansa mai suna WannaCry ta bazu a duniya, ta kama kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati a Ingila, aka soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000. Ba wanda ya zaɓi waɗannan asibitoci. Manhajar tana bin duk kwamfutar Windows da ba a sabunta ba ne, alhali tun watan Maris na shekarar kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran.

Fara da sanin abin da kake da shi

Sami littafi mai kauri, ka ɗauki metiron da shugaban lab, ku zagaya ɗaki ɗaki. Kada ka zauna a ofis ka rubuta da ka, domin akwai abin da za ka manta. Kowace na'ura a ba ta shafinta: sunanta da kamfanin da ya ƙera ta, lambar jikinta, ɗakin da take, irin manhajar da ke tafiyar da ita, da hanyar da take fita waje, ko ta kebul, ko ta wayfai, ko bulutut, ko kuma akwai sim a cikinta. Rubuta irin bayanan majinyata da take riƙewa, da wanda ya san kalmar sirrinta, da lambar injiniyan da ke gyara ta.

Bayan haka shiga shafin rauta, wato akwatin da ke raba intanet a ginin, inda ake ganin jerin duk abin da ke haɗe da ita, ka gwada da littafinka. A nan ido ke buɗewa. Za ka ga wayoyin ma'aikata, talabijin ɗin ɗakin jira, kyamarorin tsaro, na'urar cirar kuɗi ta kashiya, wani lokaci har da wayar mai shagon da ke maƙwabtaka, duk a layi ɗaya da injin sikanin. Duk abin da ba wanda ya san mai shi, a cire shi a ranar.

Sai ka yi wa shafukan alama. Jan biro ga na'urorin da in sun tsaya rai na iya salwanta: monita, na'urar taimakon numfashi, famfon ƙarin ruwa. Shuɗi ga masu riƙe sirri. Wadda ta sami alama biyu, da ita za a fara a kowane mataki da ke tafe.

Abin da ba ya buƙatar intanet, zare masa kebul

Tambayi kowace na'ura: wane aiki ne zai tsaya idan aka raba ta da layi? Idan amsar ita ce babu, a zare. A ranar 30 ga Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, tare da hukumar tsaron intanet ta ƙasar, CISA, sun yi gargaɗi kan monita ƙirar Contec CMS8000, wanda ake kuma sayarwa da sunan Epsimed MN-120. An gano cewa in aka haɗa shi da layi yana neman wani adireshin intanet da aka dasa masa tun daga masana'anta, kuma bayanan majinyaci na iya fita ta nan. Shawarar da suka bayar mai sauƙi ce: a zare kebul, a kashe wayfai, a ci gaba da kallon monitan a gefen gado. Irin waɗannan monitoci masu rahusa su ne asibitocinmu suka fi iya saye, don haka duba bayan naka ka karanta sunan da ke jiki.

Kalmomin sirri

Juya rautar asibitinka ka dubi ƙasanta. Akwai 'yar takarda a manne mai ɗauke da suna da kalmar shiga, galibi "admin" da "admin". Idan har yau da su ake shiga, duk wanda ya san ƙirar rautar ya san sirrinka, domin littafin na'urar yana nan a intanet kowa na iya karantawa. Haka abin yake ga injin sikanin, da kyamarori, da injin buga takarda. A canza duka. Kalmar ta zama doguwa, kamar kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna. Sunan asibiti da shekara a ƙarshe shi ne abu na farko da ɓarawo ke gwadawa.

Kowane ma'aikaci ya sami nasa sunan shiga a kwamfutar kati da ta lab. Na sha ganin filasta manne a gefen allo, an rubuta kalmar sirri da biro, kowa da ita yake shiga, daga likita har ɗan koyo. Ranar da sakamakon wata baiwar Allah ya fita gari, ba yadda za a yi a san wanda ya buɗe fayil ɗinta. Idan kowa da nasa, kwamfuta tana rubuta wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma sanin hakan kaɗai yana sa mutum ya kama kansa. Ma'aikaci ya ajiye aiki, a rufe sunansa kafin ya fita daga ƙofar asibiti, musamman yanzu da likitoci da nas-nas ke yawan sauya wurin aiki ko barin ƙasa.

Amma a yi hattara da na'urorin jan biro. Kada a ƙulle monita ko famfon ƙarin ruwa da wata kalmar da nas mai aikin dare za ta tsaya nema majinyaci na shure-shure. Abin da ake kullewa shi ne ɓangaren saiti, inda ake canza adireshi da manhaja. Kalmomin saiti a rubuta su a takarda, a sa a ambulan, a liƙe, a ajiye wurin shugaban asibiti. In an buɗe ambulan saboda larura, a canza kalmar washegari.

Raba layin

Wannan mataki ya fi kowanne amfani, shi ya sa zan daɗe a kansa. A gidan Bahaushe baƙo iyakarsa zaure, ba ya zarcewa cikin gida don kawai an buɗe masa ƙofar waje. Layin asibiti ma haka ya kamata ya zama. Ɗan'uwan majinyaci da ya roƙi wayfai a ɗakin jira, "Sista, don Allah a taimaka min da lambar, zan kira gida," a ba shi, amma ta layin da ba ya kaiwa ga ko da na'ura ɗaya.

Ana buƙatar layi uku. Na baƙi da wayoyin ma'aikata, wanda intanet kawai yake bayarwa. Na ofis, inda kwamfutocin kati, kashiya da likitoci suke. Sai na na'urorin jinya, wanda ba ya fita intanet sai zuwa adireshin da aka san dalilinsa. Yawancin rautoci na zamani suna da wurin kunna layin baƙi, kuma a cikinsa akwai zaɓin hana baƙo ganin sauran na'urori. Tabbatar an kunna wannan zaɓin, don in ba shi, suna kawai aka canza. Raba na ofis da na na'urori yana buƙatar suwic mai iya rarraba layi, abin da masu sana'ar ke kira VLAN, ko kuma rauta ta biyu da aka saita da kyau. Ana samun kayan a Banex da ke Wuse 2. Injiniyan da ya san aikinsa zai gama ƙaramin asibiti cikin yini ɗaya ko biyu.

Ka ce masa ya rubuta maka, da Hausa ko Turancin da za ka gane, wace na'ura ce aka yarda ta yi magana da wace. Misali, injin sikanin da kwamfutar ajiyar hotuna kawai. Injin lab da kwamfutar sakamako kawai. Duk sauran hanyoyi a toshe.

Akwai wani saiti da ya kamata ka tambaya da bakinka: shin an buɗe wata ƙofa a rauta don a riƙa shigowa daga waje? Ana yawan yin haka don likitan hoto ya duba eksire daga gidansa a Gwarimpa ba sai ya zo ba. Niyyar mai kyau ce, amma tsarin DICOM da na'urorin hoto ke magana da shi tsoho ne, kuma in ba a yi masa saiti na musamman ba, ba ya tambayar wanda ya ƙwanƙwasa. A 2019 wani kamfanin tsaro na Jamus mai suna Greenbone ya gano ɗaruruwan kwamfutocin ajiyar hoton asibiti a buɗe a ƙasashe fiye da 50, da bayanan miliyoyin mutane, ba tare da an fasa komai ba. Likitan da ke aiki daga gida a haɗa masa VPN, wato keɓaɓɓiyar hanya mai kulle, da sunansa shi kaɗai. A kuma kashe saitin UPnP, wanda ke barin na'ura ta buɗe wa kanta ƙofa ba da sanin kowa ba.

Kafin ka biya injiniya, gwada da hannunka. Haɗa wayarka da layin baƙi, ka rubuta adireshin injin sikanin ko na rauta a burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. In shafi ya buɗe, aiki bai ƙare ba.

Filash da cajin waya

Na'urar da ba ta taɓa ganin intanet ba ma tana kamuwa, ta ramin USB. Mai sikanin ya kwashi hotuna a filash, ya kai shagon buga takardu a bakin titi, ya dawo ya sake soka shi a injin. Ko a ɗauke wuta, wani ya ga injin na kan inbata, ya soka wayarsa caji. A ware filash biyu na asibiti, a ɗaura musu jan zare, ba sa fita daga gini, kuma ana duba su a kwamfuta mai rigakafin bairos kafin su shiga na'ura. Ramukan da ba a amfani da su a toshe su ta saiti, in ba hali a liƙe da sitika mai sa hannu. Sannan a saka wurin caji a ɗakin ma'aikata. In ba a yi wannan ba, dokar ba za ta kwana biyu ba.

Sabunta manhaja, amma da lura

Microsoft ya daina kula da Windows XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Kwamfutocin ofis a kunna musu sabuntawa ta kai tsaye. Na'urar jinya kuwa kada ka taɓa manhajarta da kanka, sai da umarnin kamfanin da ya ƙera ta, domin gyaran da bai dace ba zai iya lalata awonta. Kira wakilin kamfanin duk bayan wata uku ka tambaya ko akwai sabon gyara, ka rubuta amsarsa da kwanan wata a shafin na'urar. Ranar sabuntawa a tabbatar babu majinyaci a kanta, kuma tana kan UPS ko inbata mai cikakken caji. Wutar AEDC ta ɗauke ana tsakiyar aikin, na'urar na iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Injin da ya tsufa har kamfani ya daina kula da shi ba dole a jefar ba, mun san kuɗinsa. A killace shi a layinsa, ba intanet, ba filash sai na jan zare, a kuma fara tanadin madadinsa.

Injiniyan kamfani da sayen sabon kaya

Injiniyoyi da yawa suna saka TeamViewer ko AnyDesk a kwamfutar injin don su yi gyara daga Legas ba sai sun hau jirgi ba. Ba laifi, amma a kashe manhajar in ba aiki ake ba. Zai shigo, ya kira tukuna, ma'aikacinka ya kunna, ya zauna yana kallon allo, an gama ya kashe. Wanda ya kira da baƙuwar lamba ya ce daga kamfani yake, a ce masa, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, bari mu kira ofishinku," a kira lambar da ke littafi.

Kafin sayen sabuwar na'ura, bayan rajistar NAFDAC, nemi takardar da ake kira MDS2, inda kamfani ke bayyana irin bayanan da na'urar ke ajiyewa, inda take tura su, da ko ana iya canza kalmar sirrinta. Tambayi shekarar da za a daina ba ta gyara. Dillalin da ya kasa amsa waɗannan, shi ma zai kasa taimakonka ranar matsala.

Kayan tokumbo suna da tasu damuwar. Ana kunna injin sikanin da aka sauke daga kwantena, sai ga jerin sunayen Turawa da ranakun haihuwarsu da hotunan cikinsu, ba wanda ya goge. A sa injiniya ya share su, ya goge tsoffin saitin layi da sunayen shiga. Ranar da kai ma za ka sayar da naka ko ka tura shi gyara, ka tuna sunayen matan unguwarku ne a ciki. A goge faifan ajiyar da manhajar sharewa, ko a cire shi a riƙe.

WhatsApp da doka

Mafi yawan sirrin da ke fita daga asibitocinmu ta wayar ma'aikaci yake fita. Nas ta ɗauki hoton allon monita ko takardar sakamako ta tura wa likita, kuma sau da yawa hakan ceton rai ne, ba zan ce a daina ba. Amma hoton yana zama a wayarta, ya hau Google Photos, yaro ya ɗauki wayar a gida, ko ta lalace a kai wa mai gyara. Don haka a rufe suna da yatsa ko takarda kafin a ɗauka, lambar kati ta isa. A tura wa likitan shi kaɗai, ban da zauren ma'aikata mai mutum hamsin. A kashe ajiye hoto kai tsaye, a kunna saƙo mai ɓacewa, kowace waya kuma ta kasance da kulle. Abin da ya kamata ya zauna a rubuta shi a fayil ɗin majinyaci.

Doka ma tana nan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne a sashe na 26, a sashe na 29 kuma ta ɗora wa shugaban asibiti alhakin hana wanda ba shi da izini kaiwa ga fayil. Dokar Kare Bayanai da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kariya ta musamman, ta kuma kafa hukumar NDPC mai hedikwata a nan Abuja. Tarar tana iya kaiwa naira miliyan 2 ga ƙananan wurare, miliyan 10 ga manya, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Na'urar da majinyaci ke tafiya da ita gida

Masu dawowa daga Indiya ko Masar da na'urar daidaita bugun zuciya, da masu ciwon suga da ke amfani da famfon insulin ko abin awo mai haɗuwa da waya, su ma a zaunar da su. Su riƙe katin na'urar mai ɗauke da ƙira da lamba, su bar lambar wayar da ke aiki a wurin likitansu. A Agustan 2017 an kira masu na'urorin zuciya kusan 465,000 na kamfanin Abbott a Amurka don a sabunta musu manhaja saboda gudun kutse, aikin 'yan mintuna a ofishin likita, ba tiyata. A Yunin 2019 wasu famfunan insulin na Medtronic ba su gyaru ba, sai canza su aka yi. Wanda ba a san inda yake ba, irin wannan sanarwa ba za ta same shi ba. A kuma jaddada wa Baba ko Hajiya cewa kada tsoron kutse ya sa su kashe na'ura ko su daina amfani da ita ba da shawarar likita ba, haɗarin hakan ya fi girma nesa ba kusa ba.

Kwafin ajiya, da ranar da abin ya faru

A riƙe kwafi uku na bayanai: wanda ake aiki da shi, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wani gini ko a ma'ajiyar intanet mai kulle. Faifan waje a zare shi da zarar an gama kwafa, domin manhajar fansa tana kulle duk abin da ta tarar a jone. A riƙe tsoffin kwafi ma, domin ɓarayi kan daɗe a ciki kafin a gane, har ɓarnar ta shiga sabon kwafi. Harin da ya durƙusar da hukumar lafiyar ƙasar Ayalan a ranar 14 ga Mayun 2021 ya faro ne tun watan Maris, lokacin da aka buɗe wani fayil na Excel da ya zo ta imel, ɓarayin suka yi kusan mako takwas a ciki ba a sani ba. Duk wata a gwada dawo da fayil ɗaya daga kwafin, a ga ya buɗe. A kuma ajiye fom na takarda na kati, lab da magani, ma'aikata su san inda suke.

Idan aka wayi gari allo ya kulle da saƙon neman kuɗi, ko na'ura na yin abin da ba a saba ba, majinyaci ne farko. Nas ta koma awo da hannu, a duba duk wanda ke kan famfo ko na'urar numfashi, kuma kada a kashe na'urar da ke jikin mutum. Sai a zare kebul ɗin layi daga kwamfutocin da abin ya shafa, a kashe wayfai, amma a bar su a kunne don masu bincike su sami abin dubawa. A ɗauki hoton allon, a rubuta lokaci. A kira injiniya da wakilin kamfani ta waya, ban da imel ɗin asibiti. Kada a yi gaggawar biya, ba tabbas ɓarayin za su buɗe, kuma kwafin da suka kwashe yana hannunsu.

Idan bayanan mutane sun fita ta yadda za su iya cutuwa, doka ta ba da awa 72 daga lokacin da aka sani a sanar da NDPC, in haɗarin babba ne kuma a gaya wa masu bayanan nan take. A kai rahoto ga ngCERT, cibiyar kula da hare-haren intanet da ke ƙarƙashin ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Wajen dawowa aiki, a canza duk kalmomin sirri tukuna, a mayar da na'urori layi ɗaya bayan ɗaya, na jan biro sai injiniyan kamfani ya duba ya sa hannu. Injin lab kuma a fara gwada shi da samfurin da aka san sakamakonsa kafin a sa masa jinin majinyaci.